Kwandon 'Yar Wabi

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku. In na kai ƙarshen labarin nan zan yi shiru, daga nan magana ta zama taku.

A wani birni akwai makarantar koyon fasaha, a cikinta kuma akwai sashen da ake koyar da tsara kayan amfani. Ku dubi butar nan da ke gabanmu. Kafin masana'anta ta buga dubu irinta, sai da wani ya zauna ya yanke inda mariƙinta zai tsaya, da yadda bakinta zai lanƙwasa don ruwa ya riƙa zuba a hankali. Ba mu san sunan mutumin ba, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma kullum sai mun riƙe abin da ya yi tunani a kai. Irin waɗannan mutane ake horarwa a sashen.

Babban malaminsu dattijo ne, Malam Sha'aibu, mai yatsu takwas, zarto ya cinye biyu tun yana saurayi. Dokarsa guda ce: kada ɗalibi ya taɓa fensir sai ya zauna da mutanen da za su yi amfani da abin, ya ci abincinsu, ya ga inda suke ajiye kayansu da abin da suke tsoro. Ɗalibai su gyaɗa kai, su tafi ƙauye da safe, su dawo da la'asar da waya cike da hotuna.

A shekarar da nake ba ku labari, akwai ƙawaye uku a ajin ƙarshe. Huwaila ba ta iya zane sosai ba, layinta kullum a karkace, amma tana iya zama shiru a cikin mutane har su manta tana wurin. Rumasa'u 'yar maƙera ce, ta tashi a gindin zuga-zugi, in ta shafa ƙarfe ko itace ko fata za ta gaya maka abin da zai yi a wuta da abin da zai yi a ruwa. Bakinta kuwa ya fi almakashinta kaifi. Kubura ita ce gwanar zane. Ko cokali ta zana sai ka ji kana son ka ɗauka.

Aikinsu na ƙarshe ya zo ne daga wata ungozoma mai suna Talle, da ke wani ƙauyen masunta a bakin kogi, Tungar Ɓaure. Ta aiko wa makarantar takarda cewa da damina kogi yana yanke musu hanya, jariran da suka zo kafin lokaci sanyi yana kashe su tun ba a kai asibiti ba. Ta ambaci mace guda, Hansai matar Ilu mai kwale-kwale. Haihuwa huɗu, duk bakwaini, duk a cikin marka, babu wanda ya ga ranar suna. Yanzu tana da ciki na biyar, wata uku.

Ƙawayen nan ba su tsaya ba. Cikin sati uku suka ƙera gadon jariri fari fat, da murfin gilashi, da batir mai cin hasken rana, da ɗan fitila kore da ke nuna ɗumi ya yi daidai. Kubura ta yi masa baki mai lanƙwasa kamar ƙwai. Duk wanda ya shigo ɗakin aiki sai ya tsaya ya shafa shi. Malam Sha'aibu ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Kwana nawa kuka yi a garin?"

Rumasa'u ta ce, "Malam, ai takardar ta faɗi komai. Sanyi ne."

Ya ce, "To, ku kai mata."

Suka kai. Da aka sauke gadon a tsakar gidan Ilu, Hansai ta fito daga ɗaki, ta dube shi sau ɗaya, ta juya ta fuskanci bango. Surukarta, Iya Daso, tsohuwa siririya mai idanu a zurme, ta yi musu godiya da murya mai sanyi, ta ce Allah ya saka, sannan ta sa aka fitar da shi daga gidan ta ƙofar baya, an lulluɓe shi da tabarma. Ba wanda ya ce musu don me.

Gadon ya kwana a ɗakin maganin ungozoma Talle, a kulle. Da safe da suka buɗe, katifarsa ta lotsa a tsakiya daidai girman jariri, wurin da damshi, da sanyi kamar an ɗauke randa. Rumasa'u ta ce kyanwa ce. Talle ta ce su a garin nan ba sa kiwon kyanwa.

Rumasa'u da Kubura suka koma birni da gadonsu. Huwaila ta ce ita za ta zauna.

Kwana arba'in ta yi a Tungar Ɓaure, ba fensir, ba tambaya. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta koyi gyaran kifi har hancinta ya daina jin ƙarni. Ta ga Hansai ba ta ɗinka ko hular jariri ba. Ta ga ba mai yi mata sannu da ciki, kowa yana yi kamar bai gani ba. Ta ga Ilu, wanda ba ya iya haɗa ido da matarsa in akwai mutane, kullum in ya dawo daga kogi yana ajiye mata furen bado guda a bakin ƙofa, ita kuma ta ɗauka ta sa a ƙwarya da ruwa. Ta kuma ga in Hansai ta kai shara juji a bayan gida, takan daɗe a tsaye fiye da yadda zubar da shara ke buƙata.

Ranar talatin da wani abu, suna wanki a bakin kogi su biyu, Hansai ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"'Yar birni, gadonku yana da kyau."

"Amma ba ki so."

"Wanda aka sa a ciki, kowa ya gani ya san ana sonsa. Ita ma za ta sani."

"Wa?"

Hansai ta matse zanen da ke hannunta har ya daina ɗiga. Ta ce a garin suna kiranta Mai Barka. Mace ce kamar kowace mace, baƙin zane, ƙwarya a ka. Rana ta uku da haihuwa, da rana tsaka, take yin sallama. Dangin miji su ɗauka dangin mata ce, dangin mata su ɗauka ta wajen miji ce. Ta ce barka da arziki, mu ga baƙo. Ta duba, ta yaba, ta tafi. Kafin magariba jariri ya yi sanyi. In aka tambayi mutanen gida kamanninta, wannan ya ce doguwa ce, wancan ya ce gajera.

Huwaila ta ce, "Ke fa, me kika gani?"

"Ni ƙafarta nake gani. Ana marka, taɓo har idon sawu, ita tata a bushe."

Biyun farko a ɗaki aka same su, cikin sababbin zannuwa. Daga nan aka ce wabi ne, wato ɗa guda ne ke zuwa yana komawa. Sai Iya Daso ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi: rana ta uku a ɗauki jariri a yar a kan juji, tsirara, don mai zuwa ta ɗauka ba wanda ya damu da shi, ta wuce. Aka yi wa na uku, aka yi wa na huɗu. Duka biyun Hansai ta ji kukan yana raguwa a cikin yayyafi, ta kasa, ta fita da gudu ta rungume.

Ta ce, "Iya ta ce hannuna ne ke tona mana asiri. In na iya haƙuri ban taɓa ba, zai zauna. Ke kin taɓa jin uwar da ta iya?"

Huwaila ba ta ce sanyi ne ya kashe su ba, ko da yake ta sani. Talle ta faɗi haka sau goma, ta yi faɗa, ta yi kuka, an ba ta haƙuri, an jira ta juya baya. Huwaila ta je ta zauna wajen Iya Daso kwana uku tana taya ta kaɗi. Ta gane tsohuwar nan ba muguwa ba ce. Da hannunta ta wanke jikokinta huɗu ta naɗe su, kuma tun daga na biyu ba ta ƙara cin nama ba. A rana ta uku Huwaila ta ce, "Iya, in za a kai shara juji, cikin me ake kaiwa?"

"Ke kuwa da tambaya kamar baƙuwar duniya. Cikin tsohon kwando mana."

"In kwandon ya mutu fa?"

"A bar shi can."

"To in abin da za a yar yana cikin mataccen kwando, ya yaru?"

Mazarin Iya ya tsaya. Can ta ce, "Ni ba na leƙa shara, 'yar nan. Ita ma ba ta leƙawa. Amma ya zama shara ta gaske. Idonta ya fi naki."

Da wannan Huwaila ta koma birni, da kuma labarin cewa in marka ta sauka a Tungar Ɓaure ana yin kwana bakwai ba a ga rana ba, batirinsu ba zai ci komai ba. Wutar da ba ta mutuwa a garin ita ce ta murhu.

Rumasa'u ta ji, ta yi tsaki, ta ce, "Wato mu ƙera wa aljana abin kallo. Da kyau." Amma tun ranar ba ta ƙara zama ba. Abin da take nema shi ne abin da zai sha zafi daga murhu, ya riƙe shi daidai ɗumin jikin uwa, ya daɗe bai sake shi ba. Ta gwada yashi mai zafi, ya huce kafin a gama tuwo. Ta gwada garwashi a kasko, hayaƙi ya hana. Ta gwada kwalbar ruwan zafi, da farko ta ƙona, daga baya ta yi sanyi fiye da babu. Wata rana ta je gida, gwaggonta tana shafa man kaɗanya, ta ga yadda yake a daskare a gwangwani, yana taɓa tafin hannu ya narke. Ta ƙwace gwangwanin ta fita ba ko sallama.

Man kaɗanya shi kaɗai bai isa ba, yana saurin sakewa. Ta riƙa haɗa shi da kakin zuma, kaɗan-kaɗan, tana ɗurawa a faffaɗan gwangwanaye da babanta ya buga mata ya liƙe bakinsu. A tsoma a ruwan zafi ya narke, a naɗe a tsumma, yana daskarewa yana sakin ɗumi a hankali. Haɗi ashirin da bakwai ta yi. Ma'aunin zafi na makaranta bai gamsar da ita ba, ta ce fatar bakwaini ba ta san lamba ba, don haka kowane haɗi sai ta ɗaure shi a cikin damtsenta, inda fata ta fi laushi, ta zauna da shi. Wasu sun tashe ta da bororo. Har yau tabon yana nan a jere kamar an yi mata tsaga. Da ta samu wanda ya kwanta mata, ta sa ƙwan kaza tara a kai, tana canza gwangwani kwana ashirin da ɗaya. Bakwai suka ƙyanƙyashe. 'Yan tsaki suka cika ɗakin aiki, Malam Sha'aibu yana tsallake su yana wucewa.

Kubura kuwa da aka ce mata abin da ake so mummuna ne, sai da ta yi kuka. Shekara huɗu tana koyon yadda za ta sa ido ya tsaya a kan abu, yanzu an ce ta koyi yadda ido zai wuce. Na farko da ta yi, sabon kwando ne ta shafa masa ƙasa ta yage gefe. Rumasa'u ta dube shi ta ce, "Wannan ai amarya ce ta yi shigar bara." Kubura ta ɗauki littafin zanenta ta shiga bin jujin unguwanni. Mutane suna kallonta, yarinya da gyale mai kyau tsugune gaban shara tana zane. Ta koyi cewa kwando ba ya mutuwa ko'ina, daga gindi yake fara ruɓewa, ta gefen da ake jingina shi. Ta koyi yadda toka ke kwanciya in ruwa ya dake ta, da yadda abin da aka yar ke karkacewa, don ba wanda ya tsaya ya daidaita shi.

Ta sayi tsohon kwandon kifi a hannun wata mai talla, wadda ta ɗauka taɓin hankali ne. Ta dafa shi, ta shanya, ta bar masa baƙinsa da ɓallensa. A ciki ta zaunar da babbar ƙwarya wankakkiya, ƙarƙashinta gurbin gwangwanayen Rumasa'u, samanta auduga mai tsabta. Murfi kuwa sakaina ce, fasasshiyar ƙwarya, wadda ta kifa a karkace kamar faɗowa ta yi, amma ta auna karkatar yadda ruwan sama zai gangare waje, iska kuma ta shiga ta ƙarƙashi.

Saura abu guda, wanda ba wanda ya ce ta yi. Maganar Hansai da Huwaila ta kawo, cewa wace uwa ce ta iya, ta hana ta sukuni. Ta tambayi Huwaila ina jujin yake. Huwaila ta ce jikin zanan bayan gida. Sai Kubura ta huda kwandon ta gefe guda, hudar da in ka gani za ka ce ɓera ne, ta huda ƙwaryar ma daidai wurin, ta goge bakin ya yi santsi, ta sa masa labulen tsumma. Girman hudar daidai wuyan hannun mace.

Da ta gama ta kai wa Malam Sha'aibu. Bai duba ba, ya ce ta ajiye a lungu. Washegari suka zo ba kwando. Suka neme shi ko'ina, har aka gano Baba Audi mai sharar makaranta ya kwashe shi ya watsa a bola. Kubura ta tsamo shi tana haki. Malam Sha'aibu ya ce, "Shekara goma sha tara Audi yana share ɗakin nan, bai taɓa kuskuren zubar da aikin ɗalibi ba. Kin ci."

Su uku suka koma Tungar Ɓaure da kwando da gwangwanaye shida. An shirya Ilu zai haye da matarsa zuwa birni da zarar wata na bakwai ya kama, kwandon na ko-ta-kwana ne. Amma ruwa ya riga su. Kwana biyu da isarsu marka ta sauka, kogi ya haɗiye hanya da mashigi, ya yi ƙarfin da kwale-kwale ba ya iya ratsawa da mai ciki. A rana ta huɗu da hantsi Hansai ta haihu. Mace ce, tsawonta bai fi tafin hannu biyu ba, fatarta kamar ta cikin albasa. Ilu bai yi mata huɗuba da suna ba. Ya ce sunaye huɗu ya raɗa, duk suna bayan gari, wannan sai ta kai bakwai.

Kwana biyu Talle ta ɗaure ta a ƙirjin uwarta. Ta nuna wa Hansai cewa irin waɗannan sukan manta da numfashi, in ƙirji ya tsaya a murza shi da ɗan yatsa har ya tuna. Rana ta uku da rana ta kusa tsaka, ko da yake ba a ganinta, Iya Daso ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yau ce."

Rumasa'u ta tsoma gwangwani uku a tukunya, ta naɗe, ta ɗora a kan tabonta, ta ce ya yi. Kubura ta kwantar da jaririyar ta kifa sakaina. Iya Daso ta ɗauki kwandon da hannu ɗaya kamar yadda ake ɗaukar shara, ta kai juji, ta jingina shi da zana, ta watsa masa toka. A cikin gida, jikin zanan, Hansai ta zauna ta ba juji baya, faifan shinkafa a cinyarta tana tsinta da hannun dama. Hannun hagu ya bi ta bayanta, ya ratsa zana, ya shiga hudar, ya kwanta a kan ƙirjin 'yarta. Huwaila ta zauna kusa da ita. Rumasa'u tana madafa da sauran gwangwanayen, za ta canza in an jima. Kubura ta sa ido a wata kafa ta zanan.

Kwaɗi sun kwana uku suna kuka ba hutu. Lokaci guda suka yi tsit.

Aka yi sallama. Muryar ba ta tsohuwa ba ce, ba ta yarinya ba. "Barka da arziki. Na ji an sauka. Mu ga baƙo."

Iya Daso ta ce, "Wane baƙo? Wani abu ne ya faɗo, mun yar."

Ba su ji fitarta ba, sai dai Kubura ta ga baƙin zane ya ɓullo ta bayan gida. Ta yi niyyar ta ga fuska, ita da aikinta kallo ne, amma wuyanta ya ƙi ɗagawa. Ƙafa ta gani, a kan taɓo, a bushe, da ɗan kaushi a dunduniya. Ƙafar ta zagaya jujin. Ta wuce fasasshiyar tukunya, ta wuce ƙashin kifi, ta wuce kwandon. Sai ta dawo. Babban yatsan ya taɓa shi.

A ƙarƙashin tafin Hansai ƙirjin ya tsaya.

Kafaɗarta ta motsa za ta miƙe. Huwaila ta ɗebi shinkafa daga faifan ta ce da murya ta yau da kullum, "Yaya Hansai, wannan shinkafar taku duwatsunta sun fi ƙwayarta yawa. Da gangan kuke zubawa don baƙi su tafi?" Hansai ta koma ta zauna. Ɗan yatsanta yana murzawa a hankali, yana murzawa. Can ƙirjin ya ɗaga. Jaririyar ba ta yi kuka ba.

Daga bayan zana muryar ta ce, "Ke mai tsintar shinkafa. Wannan naki ne?"

Hansai ta ce, "Shara ce."

"Ba kya so?"

Hawaye yana sauka a kan shinkafar, amma muryarta ba ta girgiza ba. Ta ce, "Me zan yi da ita?"

A da, in ji mutanen gidan, Mai Barka ba ta daɗewa. Ranar nan ba ta tafi ba. Ta tsaya a kan kwandon. Aka kira azahar, tana tsaye. Yayyafi ya koma ruwa sosai, yana dukan sakaina yana gangarewa gefe. Lokacin canza gwangwani ya zo ya wuce, Rumasa'u tana madafa da masu zafi a hannu, ba halin fita. Ta ce daga baya a lokacin ta tuna duk haɗin nan ashirin da bakwai ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda ta yi ganganci. Sau biyu kuma numfashin ya sake tsayawa, sau biyu yatsan uwar ya dawo da shi. Hannun Hansai ya mutu tun daga kafaɗa, ba ta janye ba. Huwaila ta yi ta zuba zance, na kifi, na lalle, na wata akuyarsu mai cin sabulu, har muryarta ta dushe.

Ana kiran la'asar aka ji tsaki, dogo. Ƙafar ta juya ta nufi kogi. Hanya guda ce ke zuwa kogi daga nan, kuma Ilu yana zaune a bakinta cikin kwale-kwalensa tun safe, don ya kasa zaman gida. Ya ce ba wanda ya wuce shi. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Da aka ɗaga sakainar, audugar a bushe take, gwangwanayen da sauran ɗumi kamar na hammata, jaririyar ta kama ɗan yatsan uwarta ta riƙe. Iya Daso ta wanke tokar hannunta, ta shiga ɗakinta ta tura ƙofa. Sun daɗe suna jin kukanta.

Rana ta huɗu ta wuce, ta biyar, ta shida. Safiyar bakwai maza suka taru a ƙofar gidan da ba a taɓa taron suna a cikinsa ba. Liman ya tambayi Ilu sunan. Ilu ya shiga ciki, ya tsuguna a bakin ƙofar matarsa, a karon farko ya dube ta a gaban mutane.

Hansai ta ce, "A gari a kira ta Ajuji, kada a ji. Amma sunan gaskiya, a sa mata na wadda ta tsare mini ita."

Ya ce, "Wacce a cikinsu?"

Ta dubi su ukun ɗaya bayan ɗaya. Huwaila ta nuna Rumasa'u. Rumasa'u ta ce, "Ni mai na narkar, kada a ɗora mini." Kubura ta ce ita ce ma ta zana farin gadon da ya kusa ɓata komai. Talle ta hau tudu inda waya ke kamawa ta kira Malam Sha'aibu. Da ya ji tambayar, ya ce shekara talatin yana koyar da aikin nan, har yau in aka ce ya nuna inda mai tsara kaya yake, ko a ido, ko a hannu, ko a siffa, bai san inda zai nuna ba.

To ga shi nan. Ba don Huwaila ta zauna kwana arba'in ta yi shiru ba, da ba wanda ya san abin da ake tsoro a gidan, da Iya Daso ta yar da jikarta tsirara kamar na baya, da kuma Hansai ta miƙe tun taɓawar farko.

Ba don Rumasa'u ba, da kwandon kwando ne kawai. Daga rana tsaka zuwa la'asar a cikin marka, ko ba wadda ta zo, sanyi ya isa ya gama aikin. Ɗumin da ya kai yarinyar la'asar a fatar damtsenta aka auna shi.

Kubura kuwa ta ajiye abin da ta fi iyawa ta koyi kishiyarsa, har idon da ya fi na kowa ya duba bai gane ba. Kuma ita kaɗai ta tuna cewa uwa ba za ta iya haƙuri ba, ta bar mata ƙofar da hannu zai bi, ta nan aka dawo da numfashi sau uku.

Liman yana zaune a waje, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, suna guda yake jira. Ku da kuka saurara, sunan wace ce a cikin ukun nan ya kamata Ilu ya fita ya faɗa masa?